Burodi da naman gishiri: darasin da na ciyo a Niyok

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. A wata tafiya da na yi zuwa birnin Niyok na Amurka, wani ɗan Maraɗi da ke saye da sayarwa a can ya ce ba zan koma gida ba sai na ci abin da garin ke alfahari da shi. Ya kai ni wani ƙaramin gidan abinci na unguwa, irin wanda suke kira deli, ya sa aka kawo mana sanwicin konbif.

Da na ji sunan, na ɗauka naman gwangwanin nan ne da ake jerawa a kantunanmu kusa da sardin. Ashe ba shi ba ne. Nama ne ja, mai zafi, an yanka shi fale-fale an tula tsakanin yanka biyu na wani burodi mai ɗan duhu, an shafa mutardi, a gefe an ajiye kokombur mai tsami. Tsayinsa ya kusa yatsa huɗu. Kafin in kai baki na tambayi yankan wa ne. Aka ce gidan na Yahudawa ne masu kiyaye dokar yankansu, alade ba ya shiga. Na yi bisimilla. Kuɗinsa ya haura dalar Amurka 20, wato fiye da jikka goma na kuɗinmu.

To mene ne a ciki da ya kai jikka goma? Ƙirjin sa ne kawai, wuri mai tauri da jijiya, wanda a da talakawa ke saye don arharsa. Ana jiƙa shi cikin ruwan gishiri da masoro da tafarnuwa da sauran kayan ƙamshi, a ɗakin sanyi, mako guda ko fiye, sannan a dafa shi a hankali awa uku ko huɗu har ya yi laushi. Sunan ma daga gishirin ya samo asali, don kalmar kon a tsohon Turanci tana nufin ƙwaya, wato ƙwayoyin gishiri. Baƙi matalauta, Yahudawan gabashin Turai da mutanen Ailan, su suka yaɗa cinsa a Niyok. Wani gida mai suna Katz's yana wannan sana'a tun 1888.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tarihin Ailan. Mutanen wannan tsibiri makiyaya ne, suna tura shanunsu da rai zuwa Ingila. A 1663 da 1667 majalisar Ingila ta kafa dokokin da suka toshe wannan hanya. Da shanu suka rasa kasuwa, sai aka koma yanka su a gida ana sa musu gishiri cikin ganguna, har garin Kok ya zama babbar tashar naman gishiri da ke ciyar da jiragen ruwa da ƙasashen nesa.

Wannan labari bai yi kama da namu ba? Muna da shanun Azawak da na Bororo, muna da gishirin Bilma da na Foga, muna da albasar Galmi. Amma mafi yawan dabbobinmu da ƙafarsu suke tsallakawa ta Jibiya da Illela da Mai'aduwa. Fata da ƙashi da ladan yanka da ribar mai suya duk can suke tsayawa. Ranar da Najeriya ta rufe iyaka a watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023, kowa ya ga yadda dillalai suka tsaya da dabbobi suna cin dusa, kuɗinsu na zubewa. Sa mai jiran hanya ramewa yake yi. A lokacin nan kuma gwangwanin naman Barazil na zaune a kantunanmu, ya ƙetaro teku bai lalace ba.

Na san wani zai ce mini: Malam, ina wutar lantarkin da za mu riƙe ɗakin sanyi? Gaskiya ne, kuma ba na ba kowa shawarar ya jiƙa nama a tukunya cikin zafin watan huɗu, don guba zai sayar wa mutane. Mu hanyarmu rana ce da iska. Kakanninmu sun bar mana kilishi da dambun nama, kuma kilishin Madawa da Tasawa da Damagaram sunansa ya kai nesa. A 2021 hukumar OAPI mai kare mallakar fasaha a Afirka ta yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajistar asali. Takarda dai mun samu, saura aiki.

Aikin kuwa na gan shi a wancan ƙaramin gida. Mai yanka hannunsa da safa, katakonsa a wanke, nama a rufe, farashi a rubuce jikin bango. Abokina ya ce shekara da shekaru yana zuwa, bai taɓa ganin an rage masa yawa ko an sauya ɗanɗano ba. Wannan amanar ce mutane ke biya. Mu kuwa sau nawa ake shanya nama bakin hanya ƙura da ƙuda na sauka, a naɗe shi cikin takardar siminti? Sau nawa mai saye ke dawowa ya tarar an ƙara tunkuza an rage nama? Wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, kuma zai faɗa wa goma.

Saboda haka ina kira ga rundawa da sarakunan fawa su haɗa kai kan tsabta da awo guda. Iyayenmu mata masu tunkuza da yaji da dambun nama, ku ne ke riƙe da ɗanɗano. Adashe guda na ƙungiya ya isa a sayi sikeli da gidan sauro na rufe shanya da ƙaramin injin liƙe leda, a manna suna da gari da ranar da aka yi. Ƴan kasuwa masu zuwa Kano da Kwatano da Lome, ku riƙa ɗaukar kayan gida da alfahari. Hukumomin gari kuma su ware wa mahauta fili mai ruwan famfo nesa da kwata.

In ƙirjin sa da gishiri sun ciyar da gida guda fiye da shekara ɗari a Niyok, cinyar sa da tunkuza ba za su kasa ba a Maraɗi. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu ciniki na halal. Amin.