ZAUREN 'YAN MATA: Zinaren Lefe Da Tarin Kawu

Yau fa ba zancen soyayya na zo muku da shi ba, ku yi haƙuri.

Ina yarinya, duk sanda Kawuna ya dawo daga Gana gidanmu cika yake da murna, ga atamfa ga 'yan kunne. Shekara goma sha takwas ya yi yana aiki inda ake gasa dutsen zinare. Ya bar aikin ƙalau, sai bayan shekaru tari ya kama shi. Inna ta ce sanyi ne, wasu suka ce sammu. Ranar da ya tofar da jini aka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon dajin huhu ne. Tambayarsa ta farko, "Malam, wane aiki ka yi?"

Ashe dutsen zinare da na tagulla sau da yawa suna ɗauke da wata guba mai suna asanik. In an gasa dutsen sai ta tashi cikin hayaƙi da farar ƙura, ba wari ba ɗanɗano, mutum na shaƙa bai sani ba. Ciwon kan ɗauki shekara ashirin ko fiye kafin ya bayyana. A 1969 an binciki ma'aikata sama da 8,000 a masana'antar narka tagulla ta Anakonda a Amurka, aka ga mutuwarsu da dajin huhu ta ninka ta sauran jama'a kusan sau uku. In an haɗa da taba, abin ya fi muni, Kawu kuwa yana sha.

Mu dai sarƙa da awarwaro muke ƙirgawa a akwatin lefe. To 'yar uwa, in mai sonki ko yayanki yana wannan sana'a, ki sa baki. Ya nemi takunkumin da aka yi don ƙura, ƙyalle ba ya tarewa. Ya yi wanka ya sake kaya kafin ya shigo gida. Ya bar taba. Tarin da ya wuce sati uku a tafi asibiti, kuma a faɗa wa likita aikinsa.

'Yan kunnen da Kawu ya kawo min suna nan a adakata. Allah ya jiƙansa, amin. Sai wata mai zuwa in muna da rabon ganawa.