Shawarar Jarirai: Jinkiri Ya Fi Fitila Haɗari

A unguwannin 'yan Arewa mazauna Kudu, kamar Agege ta Ikko da Sabo ta Badun, hankalin iyaye yakan tashi idan likita ya ce a kwantar da jaririnsu ƙarƙashin shuɗiyar fitila, ba riga, idanu a rufe. Waɗansu sukan ɗauke ɗansu su koma gida don tsoron kada fitilar ta ƙona shi ko ta makantar da shi. Wannan kuwa gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Kimanin kashi 60 cikin ɗari na jarirai sukan yi shawara a makonsu na farko, domin hantarsu ba ta yi ƙwarin da za ta tace wani sinadari mai suna bilirubin daga jini ba. Galibi takan wuce da kanta. Amma idan sinadarin ya yi yawa yakan shiga ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki har ƙarshen ransa, wani lokaci ma ya kashe shi. Aikin fitilar shi ne ta juya sinadarin yadda zai fita ta fitsari da kashi. Wata nas mai suna Jean Ward ce ta fara lura da amfanin haske a asibitin Rochford na Ingila cikin 1956, aka kuma buga sakamakon binciken cikin 1958.

Lalle fitilar tana da nata lahani. Takan jawo zawo, da ƙuraje, da zafin jiki, da ƙarancin ruwa a jiki. Saboda haka ne ake rufe idanun jariri, ana auna zafin jikinsa, ana kuma umartar uwa ta riƙa shayar da shi a kai a kai. Duk waɗannan sukan gushe da an kashe fitila, amma ƙwaƙwalwar da ta lalace ba ta gyaruwa.

Shanya jariri a rana ba zai maye gurbin fitilar ba, gama rana takan ƙona fata. Gaskiya ne wani bincike da aka yi a asibitin haihuwa na Island a Ikko, wanda aka buga cikin 2015, ya nuna hasken rana yana magani, amma sai da aka tace shi da wata rumfa ta musamman, ma'aikata kuma suna tsaye a kai. Har ila yau a raba kayan jariri da kafur, domin yana fasa ƙwayoyin jinin waɗansu yara, ya tsananta cutar.

Wajibi ne asibitoci su riƙa auna ƙarfin fitilunsu, su tanadi lantarki mara yankewa. Wajibi ne kuma sarakunan Hausawa da unguwarzoma su faɗakar da jama'a: da an ga idon jariri ya yi rawaya, tun ba a ranar haihuwarsa ba, ko ya ƙi kama nono, a tafi asibiti nan take. Kada a ce sai an yi suna, gama shawara takan yi ɓarnarta tun kwana bakwai ba su cika ba.