SHARHI: Wa ke biyan kuɗin katangar da ta kewaye ma'aikatan ƙasashen waje?

Ranar Juma'a, idan kara ta ci a Wudil, wanda ya tsaya a bakin titi a Sabon Gari zai ga manyan motoci shaƙe da shanu suna bin hanyar Kano zuwa Maiduguri. A shekarar 2006 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta bayar da kwangilar tagwaita wannan hanya, aka raba aikin kashi biyar. Kashin farko, daga Kano zuwa Wudil har Shuwarin, ya faɗa hannun kamfanin Dantata & Sawoe; na biyu, daga Shuwarin zuwa Azare, aka ba Setraco. Irin waɗannan kamfanoni na zuwa da injiniyoyi daga ƙetare, kuma kafin a zuba kwalta ko ta taku ɗaya, sai an tanadar musu masauki mai katanga, da mai gadi, da rijiyar burtsatse, da janareta.

Wannan tsari ya girmi 'yancin kan Najeriya. A ƙarƙashin dokar tsara birane ta 1917, Turawan mulkin mallaka sun keɓe wa kansu unguwanni, suka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da 'yan ƙasa, da hujjar kauce wa zazzaɓin cizon sauro. A Kano, Nasarawa da Bompai suka zama mazaunin Turawa, Sabon Gari kuma, wadda aka kafa jim kaɗan bayan isowar jirgin ƙasa, ta zama ta baƙin da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun daga nan sunan Sabon Gari ya bazu a garuruwan Arewa. Yau babu dokar da ta raba mazauni bisa launin fata. Kuɗi da tsoro ne suka gaji aikinta.

Tsoron kuwa yana da tushe. A watan Janairun 2012 aka sace Edgar Raupach, injiniya Bajamushe da ke aiki da Dantata & Sawoe, a wajen birnin Kano, kuma aka kashe shi a ƙarshen watan Mayu yayin wani samamen sojoji. A watan Fabrairun 2013, 'yan ƙungiyar Ansaru suka kutsa sansanin Setraco da ke Jama'are a Jihar Bauchi, a kan wannan hanya da ta ratsa Wudil, suka kashe mai gadi, suka tafi da baƙi bakwai, cikinsu har da ɗan Birtaniya da ɗan Italiya da ɗan Girka. A watan Maris ƙungiyar ta sanar da kashe su. Darasin Jama'are mai ɗaci ne: katanga ba ta hana harin ba, kuma wanda ya fara rasa ransa ɗan ƙasa ne da ke tsaron ƙofa. Haka aka gani a Riyad ta Saudiyya a ranar 12 ga Mayu, 2003, lokacin da aka kai hare-haren bam kan rukunin gidajen baƙi masu tsananin tsaro.

Rayuwa a cikin katangar na da tsada domin duk abin da hukuma ta gaza samarwa sai an saye shi. Mazauna kan biya hayar shekara guda ko biyu a dunƙule, sannan su biya kuɗin hidima na dizal, ruwa, kwashe shara da masu gadi. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga farashin sufuri da kayan abinci. A watan Afrilun 2024, hukumar NERC ta ɗaga kuɗin lantarki ga masu rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane ma'aunin wuta, wato layukan da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, waɗanda galibi ke bi ta unguwannin masu hali da masana'antu.

Sai dai tsadar ba iri ɗaya take ciwo ba. Dalar da ke kusan naira 460 a farashin hukuma a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Shi ya sa a jadawalin kamfanin Mercer na 2024, wanda ke auna tsadar rayuwa ga ma'aikatan ƙasashen waje a birane 226, Legas ta zo ta 225, Abuja ta 226. Ga mai karɓar albashi da dala, Najeriya ta yi araha a shekarar da ɗan ƙasa ke rage awon abinci. Mai gadi da kuku da direban da ke hidima a cikin katanga da naira ake biyansu, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira 70,000 a watan Yulin 2024, Jihar Kano kuma ta tsayar da nata a naira 71,000. A canjin wancan lokaci, kuɗin bai kai dala 50 ba.

Tambayar da ta shafi matashin Wudil ita ce wa ke ɗaukar nauyin wannan masauki. Kamfanin da ke aikin gwamnati ba daga aljihunsa yake gina sansani ba. Kuɗin masauki da tsaro da rakiya duk suna shiga lissafin kwangila, kwangilar kuma daga baitulmali ko bashi ake biyanta. Ke nan talaka na biya sau biyu: ya biya wa baƙo ruwa da wuta ta hanyar haraji, sannan ya sayi nasa ruwan a wajen mai kura. Haka batun tsaro yake. Kowane ɗan sanda da aka tura ƙofar wani rukunin gidaje, an rage shi ne daga kasuwa ko ƙauye, kuma garin da ke da Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ya cancanci ya tambayi ina ake kai waɗanda ake yayewa.

Gwamnatin Bola Tinubu ta taɓa gwada karɓar wani abu daga wannan harka. A watan Fabrairun 2024 ta ƙaddamar da harajin ɗaukar ma'aikatan ƙasashen waje, dala 15,000 a shekara kan kowane darakta da dala 10,000 kan sauran ma'aikata. Ƙungiyoyin masana'antu da 'yan kasuwa suka yi caa, suna gargaɗin cewa masu zuba jari za su gudu, musamman da yake GSK da Procter & Gamble sun riga sun sanar da sauya tsarin harkokinsu a ƙasar a 2023. Ba a yi mako biyu ba aka dakatar da harajin. Ko da ya ɗore, Abuja kuɗin za su tafi, ba unguwar da ke maƙwabtaka da katangar ba.

Akwai misalin da ya fi wannan. A tsibirin Bonny na Jihar Ribas, inda kamfanin iskar gas na NLNG ke da rukunin gidajen ma'aikatansa, kamfanonin mai da gas sun haɗu sun kafa Bonny Utility Company, wanda ke rarraba wa mutanen gari wutar lantarki. Bai kawar da bambanci tsakanin ciki da waje ba, amma ya nuna cewa wayar wuta na iya tsallake katanga.

Hanyar neman irin wannan a buɗe take. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon bayar da izinin mallaka a yankunan karkara, don haka ana iya gindaya sharaɗi tun wajen bayar da fili: rijiya da wutar sansani su isa ga maƙwabta, gine-ginen kuma su koma makaranta ko asibiti idan aiki ya ƙare. Ƙa'idar gurbin ma'aikatan ƙasashen waje ta tanadi a haɗa baƙo da 'yan Najeriya masu koyon aikinsa domin su gaje shi, ga kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil tana yaye injiniyoyi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ya nemi sanin nawa aka ware wa masauki da tsaro a kwangila, ta kuma ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyoyin matasa da ɗalibai a Wudil na iya aika wannan takarda tun kafin 'yan takara su dawo neman ƙuri'a.