Nasiha Game da Ciwon Hanta, da Haƙƙin Baƙo a Sanar da Shi da Harshensa

 Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai, wannan takarda ce a kan mas'ala guda, watau mutanen da suka bar ƙasarsu suka sauka inda ba a jin harshensu, wa zai sanar da su ciwon hanta, kuma ta wace hanya? Abin da nake gani shi ne, sanar da baƙo wannan ciwo haƙƙi ne nasa a kan masu masaukinsa da shugabannin jama'arsa, kuma wannan haƙƙi ba ya sauka daga wuyansu don sun buga takarda sun manna a bangon asibiti. Zan kafa misali da ƙasar Ostireliya, domin can ƙabilu masu yawa suka taru, can kuma aka ƙididdige abin da aka yi da abin da ya saura.

Fasali na farko, cikin bayanin ciwon

Ka sani, ya kai mai karatu, ciwon hanta iri-iri ne, likitoci sun rarrabe su da haruffa. Wanda muke nufi shi ne mai harafin B. Sababinsa wata ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani, tana zaune cikin jini da ruwan jiki, tana kuma iya kwana 7 a kan aska ko allura ba ta mutu ba. Hanyarta mafi girma ita ce daga uwa zuwa ɗa wajen haihuwa, da tsakanin yara ƙanana ta wajen rauni da ƙurji. Bayan wannan sai aska, da allura, da ƙaho, da duk abin da ya huda fatar wani aka mayar da shi jikin wani, sa'an nan saduwar namiji da mace. Amma ba a ɗaukar ta don an ci tuwo ƙwarya ɗaya, ko an yi musafaha, ko an yi tari kusa da kai, sauro ma ba ya kai ta. Wanda ke zuwa ta gurɓataccen ruwa da abinci shi ne mai harafin A, hukuncinsa dabam.

Ga abin da ya kamata a riƙe da kyau. Babban mutum in ƙwayar ta shige shi, galibi jikinsa yakan kore ta cikin 'yan watanni, waɗanda takan zauna musu ba su kai 5 cikin 100 ba. Amma jariri in ya ɗauka wajen haihuwa, wajen 90 cikin 100 takan zauna musu muddin rai. Yaron ya girma, ya yi aure, ya yi fatauci, ba ya jin kome, idonsa bai yi rawaya ba, alhali hantarsa tana cinyewa sannu sannu kamar gara ta shiga azara. Sai bayan shekara 30 ko 40 hanta ta ƙandare, ko daji ya fito mata, ciki ya kumbura, a zo asibiti an makara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi, miliyan 65 daga cikinsu a yankin Afirka, kuma ya kashe wajen miliyan 1 da dubu 100 a wannan shekara. Waɗanda aka gwada aka tabbatar suna da shi 13 ne kawai cikin 100.

Fasali na biyu, cikin labarin Ostireliya

Sunan wannan ƙasa yana cikin tarihin ciwon tun farko. A shekarar 1965 wani likita na Amurka, Baruch Blumberg, ya bayyana wata alama da ya gani cikin jinin wani mutum daga 'yan asalin Ostireliya, ya sanya mata sunan ƙasar. Daga baya ta tabbata alamar ƙwayar wannan ciwo ce. Daga nan aka sami gwajin jini, aka sami allurar rigakafi a 1981, shi kuma aka ba shi kyautar Nobel a 1976. Ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar da duniya ta ware don tunawa da ciwon hanta.

Ostireliya ƙasa ce mai wadata. Tun shekarar 2000 ake yi wa kowane jariri allurar, gwaji da magani kuma suna nan a sauƙaƙe. Duk da haka ƙiyasin 2022 ya nuna mutum fiye da dubu 200 ke ɗauke da ciwon a can, wajen 70 cikin 100 nasu kuwa a wata ƙasa aka haife su, kamar Sin, da Biyetnam, da Filifin, da ƙasashen Afirka. Sun zo da shi tun suna goye, a zamanin da allura ba ta kai ƙauyensu ba. Fiye da rubu'insu ba a gwada su ba tukuna, waɗanda likita ke bibiya kuwa ba su wuce wajen rubu'i ba. To, ka duba da idon basira. Asibiti na nan, magani na nan, kuɗi ba shi ne babban cikas ba, amma mutane ba su zo ba. Ashe abin da ya yi ƙaranci shi ne magana da ta isa kunne ta zauna a zuciya.

Fasali na uku, cikin abin da ke tsare baƙo

Na farko harshe. Baƙo yakan koyi kalmomin kasuwa da na wurin aiki, amma kalmomin ciwo su ne na ƙarshen koyo. Ba wannan kaɗai ba, sunan ciwon kansa yakan ɓatar. Mu nan in an ce ciwon hanta sai mutum ya tuna shawara, ya duba idonsa ya ga fari tas, ya ce ni kam lafiya lau nake. Kowace al'umma tana da irin wannan ruɗani a harshenta, kuma mai fassara kalma da kalma ba zai warware shi ba, sai wanda ya san abin da mutanensa ke ji in an ambaci sunan.

Na biyu kunya. A ƙasar masauki sau da yawa ana ambaton wannan ciwo tare da zina da masu shan ƙwaya ta allura. Dattijuwa mai kamun kai ta ji haka, sai ta ce wannan magana ba tawa ba ce, alhali wataƙila ta gaje shi daga uwarta ran da aka haife ta. Wanda ya karantar da ciwon ta ƙofar alfasha ya kori mafi yawan masu shi.

Na uku tsoro, kuma tsoron yana da asali. A ƙasar Sin an daɗe ana hana masu wannan ciwo aiki da shiga makaranta, sai a 2010 gwamnati ta hana a gwada mutum saboda haka. Wasu ƙasashen Larabawa suna gwada jinin mai neman izinin aiki. Wanda ya ga an kori ɗan'uwansa kan sakamakon jini ba zai miƙa hannunsa da sauri ba, ko da ya sauka wata ƙasa mai wata doka.

Na huɗu wata tsohuwar magana ta likitoci. Da can akan ce wa mutum, kana ɗauke da ƙwayar amma lafiyarka ƙalau, tafi abinka. Yanzu an bar wannan magana, gama an gane ƙwayar takan yi barci ta farka. Wanda aka sallama da ita shekara 20 da suka wuce yana bukatar a kirawo shi a gaya masa ilimi ya ƙaru.

Fasali na huɗu, cikin sharuɗɗan karantarwa

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Sharaɗi na farko ke nan, mai karantarwa ya fito daga cikin mutanen. A jihar da birnin Sidni yake, hukumar lafiya tana ɗaukar ma'aikata masu harshe biyu daga cikin baƙin kansu, a koya musu, su koma su yi wa jama'arsu bayani. Wannan hanya ita ce daidai, domin mutum yakan tambayi ɗan ƙabilarsa abin da ba zai tambayi likita ba. A bar mata su karantar da mata, a je inda mutane suka saba taruwa, a fara da neman yardar dattawa.

Sharaɗi na biyu, tafinta ya zama baligi amintacce wanda ba na gida ba. Baƙi da yawa sukan tafi asibiti da ɗansu ƙarami don shi ya iya harshen. Yaya yaro ɗan shekara 12 zai gaya wa uwarsa hantarta ta lalace, ko ya tambaye ta sirrin aurenta? Zai rage, ko ya ɓoye, ko ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa. Gwamnatin Ostireliya ta kafa tafintoci ta wayar tarho tun 1973, suna aiki da harsuna fiye da 100, likita yana kiransu ba tare da mai ciwo ya biya ba. Amma dole a gaya wa baƙo yana da ikon neman haka, in ba haka ba ba zai sani ba.

Sharaɗi na uku, a fara da gida, a bar zargi. A ce wannan ciwo ne da yakan bi dangi, in an same shi ga mutum ɗaya sai a gwada mata, da 'ya'ya, da 'yan'uwa, wanda ba shi da shi a yi masa allura ya tsira.

Sharaɗi na huɗu, kada a tashi daga majalisi sai an faɗa wa mutane inda za su je gobe, da abin da za su ce in sun je. Wa'azin da ya tsorata mutum bai nuna masa ƙofa ba ya ƙara masa ciwo kan ciwo.

Fasali na biyar, cikin amsa masu musu

In wani ya ce, tun da ba a warkewa, mene ne amfanin sani? Sai mu ce, gaskiya ne maganin da ake da shi ba ya fitar da ƙwayar ɗungum ga mafi yawan mutane, amma akwai tenofobir da entekabir, ƙwaya ɗaya a yini, suna danne ta, hanta ta huta, haɗarin daji ya ragu ƙwarai. Ba kowa ke bukatar magani nan take ba, amma kowa yana bukatar a duba jininsa bayan wata 6 ko shekara. Likitocin Ostireliya suna fara duba hantar ɗan Afirka mai ciwon don neman daji tun yana shekara 20, domin yakan zo mana da wuri. Mafi girman fa'ida kuwa ga jarirai take. In an san uwa tana da shi, a ba ta magani in ƙwayar ta yi yawa, a yi wa ɗan allura cikin awa 24 na haihuwarsa, a cika sauran, to galibi ya kuɓuta. Tsibirin Taiwan ya fara yi wa jarirai allura a 1984, lokacin wajen yaro 10 cikin 100 a babban birninsu na ɗauke da ƙwayar. Bayan shekara 15 ba su kai 1 cikin 100 ba, dajin hanta kuma ya ragu ga yara.

In wani ya ce, ware baƙi da wannan magana zai sa 'yan ƙasa su ce su ne suka kawo cuta, sai mu ce wannan tsoro yana da hujja, kada a raina shi. Amma shiru ba ya kare baƙo, kabari kawai yake kusanto masa. Maganin abin shi ne a karantar da masu masauki su ma, su san ba a ɗauka ta cin abinci ko zama tare, a kuma tsare sirrin wanda aka gwada kamar yadda ake tsare amana.

In wani ya ce, wannan aikin likita ne, ina ruwan malami? Sai mu ce, gwaji da magani na likita ne, kada malami ya shiga, kada kuma ya yarda a sayar wa mutane jiƙo da sunan yana wanke hanta, gama wani jiƙon ƙara mata wahala yake yi. Amma wa ake kira ran suna? Wa ake tambaya in za a ɗaura aure? In gwaji ya nuna ɗaya daga masu neman aure yana da ciwon, malamin da bai sani ba zai raba su ya tona asiri, wanda ya sani zai ce a yi wa ɗayan allura ta cika, a tabbatar ta kama, a ɗaura.

Kammalawa

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da wannan ƙwaya, allurar kuwa sai a 2004 ta shiga jerin rigakafin yara, watau mafi yawan wanda aka haifa kafin nan bai same ta yana jariri ba. A yankin Afirka a 2022 jarirai 18 cikin 100 kaɗai suka sami allurar ranar haihuwa a kan lokaci. Mu ma baƙi ne a zangon Kumasi da na Ankara, da Sudan, da Makka, kuma akwai baƙi masu wasu harsuna a garuruwanmu. Saboda haka duk abin da muka ce haƙƙin baƙo ne a Sidni, haƙƙinsa ne a nan.

Ya kai malam, ka fara da gwada jininka, sa'an nan ka yi magana. Ka gaya wa magidanta kada a jira kwana 7 na suna, a kai jariri allura ran da ya faɗo. Ka gaya wa wanzami aska ɗaya mutum ɗaya, ko wajen aski, ko kaciya, ko ƙaho. Ya kai almajiri, kada ka ari rezar ɗan'uwanka ko asuwakinsa. Wanda ya iya harshe biyu cikinku ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare zuriyarmu.