Kalangu Ba Ya Amsa Sunansa a Cikin Kwamfuta

Yawancin waƙoƙin da ake yi yau a ƙananan sutudiyo, daga Kafanchan har Kano, ba a gayyatar makaɗa. Mai haɗa kiɗa yakan buɗe manhaja irin su FL Studio, ya shiga rumbun sautukan da aka riga aka naɗa, ya rubuta kalma ɗaya a gurbin bincike, sai sautuka su jeru ya zaɓa. Abin lura shi ne, a irin wannan bincike na'ura ba ta saurarar komai. Haruffan da ka rubuta take gwadawa da sunan fayil, ko laƙabin da wani ya manna masa. Sautin da ba a raɗa wa suna ba, tamkar babu shi ne.

To, a nan gizo ke saƙa. Rubuta "kalangu" a galibin rumbunan da ake saukewa daga intanet, da wuya ka ga wani abu. Sai ka rubuta "talking drum" sannan a zubo maka gangunan Yarbawa da na Senegal cikin kwando ɗaya. Alhali kalangun Mamman Shata da kotson Narambaɗa da jaujen fada, ko da yake dukkansu masu tsukakken ƙugu ne, kowanne da muryarsa da wurin da ake kaɗa shi. Yaron da ya tashi yana neman kiɗan gidansu da sunan Turanci, wata rana sunan gidan zai ɓace masa.

Akwai kuma matsalar haruffa masu lanƙwasa. A wurin na'ura, "ƙaho" da "kaho" kalmomi biyu ne, haka "ƙwarya" da "kwarya". Wanda ya ajiye da ƙ, da wanda ya nema da k, sai su yi saɓani a hanya.

Ni ɗan Godogodo ne a ƙaramar hukumar Jama'a, kuma a kasuwa da makaranta na koyi Hausa, don haka damuwata ta ninka. Ƙahonin da ake busawa a bikin Afan na Kagoro kowace 1 ga Janairu, da kayan kiɗan Tuk Ham a Kwoi, suna da sunayensu cikin harsunan masu su. Idan muka naɗa su muka rubuta "ƙaho" kawai, mun yi musu abin da muke kuka Turanci ya yi wa kalangu. Ko tulun da matan Zumunta ke kaɗawa a coci ya cancanci a ce tulun wane gari ne.

Na san wani zai ce ai Ableton Live 12, wanda ya fito a 2024, yana iya nemo sautin da ya yi kama da wani. Gaskiya ne, amma sai ka riga ka mallaki na farkon, kuma ba zai gaya maka cewa wannan kiɗan mahauta ne ba.

A nawa ra'ayin, wannan aikin ɗaliban harshe ne. Tun 1971 Ames da King suka wallafa ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa, saboda haka ba daga tushe za mu fara ba. Sashenmu na iya karɓar irin wannan a matsayin kundin kammala digiri: ɗalibi ya naɗo sautuka daga garinsu da izinin makaɗan, ya sa wa kowane fayil sunan abin kiɗan cikin harshen asali, da na Hausa da lanƙwasa da kuma ba lanƙwasa, da gari, da shekara, da irin bikin da ake kaɗa shi.