Sandar Golf Mai Yafiya: Tsakanin Ilmin Kimiyya Da Tallar 'Yan Kasuwa

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ya yi suna da cewa wasa ne na masu hannu da shuni. Akwai filayensa a Kano da Kaduna da Jos, amma ɗalibai ƙalilan ne suka taɓa riƙe sandarsa. Duk da haka, a cikin wannan sanda akwai darasin kimiyyar fiziks wanda ya dace da kowane aji na sakandare, akwai kuma darasi na biyu game da yadda ake sayar wa mutane kaya da sunan kimiyya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, sandar ƙarfe mai rami a baya, wadda ake kira mai yafiya, ci gaba ne na gaskiya da ya kamata ɗan wasa na yau da kullum ya amfana da shi. Alƙawarin ƙarin nisa kuwa da ake yi a talla, sai an tace shi kafin a karɓa.

Matsalar da ake son warwarewa

Dokar wasan ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna 14 kacal, kuma kusan rabinsu sandunan ƙarfe ne masu lamba, yawanci daga 4 zuwa 9. Ƙwallon da ake bugawa ba ta wuce giram 45.93 a nauyi, kaurinta kuma bai gaza milimita 42.67 ba. Kan sanda mai lamba 7 yana da nauyin kimanin giram 270, kuma haɗuwarsa da ƙwallo ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Kafin saƙon bugun ya isa ƙwaƙwalwa, ƙwallon ta riga ta tashi. Wato babu wani gyara da hannu zai iya yi a wannan lokaci. Abin da ƙirar kan sandar ta tanada shi ne zai faru.

A fuskar kowace sanda akwai wuri guda daura da cibiyar nauyinta. In ƙwallo ta dace da wurin, ƙarfin bugun yana shiga cikinta kusan gaba ɗaya. In ta kauce, kan sandar yakan murɗe, wani ɓangare na ƙarfin ya salwanta, ƙwallon ta gaza nisa ta kuma baude hanya. Duk wanda ya taɓa faskare ya san yadda ƙotar gatari ke girgiza hannu idan sara ya kauce. Ƙwararren ɗan wasa yana dacewa da wurin nan kusan kullum, domin aikinsa ke nan dare da rana. Ma'aikacin da ba ya zuwa fili sai ranar Asabar kuwa, kaucewarsa ta fi dacewarsa yawa.

Dabarar Solheim

Mutumin da ya fi kowa suna wajen magance wannan matsala shi ne Karsten Solheim, injiniya ɗan asalin ƙasar Norway, wanda aka haifa a birnin Bergen a 1911, ya kuma girma a Amurka. Yana aiki da kamfanin General Electric ya fara buga golf, bayan ya haura shekara 40, ya ga wasan yana ba shi wuya. Sai ya dubi sandar da idon injiniya. A 1959 ya soma ƙera sanduna a garejin gidansa da ke California, ya sa musu suna Ping saboda ƙarar da suke yi. Bayan ƴan shekaru ya fara rarake bayan kan sandar ƙarfe, yana mayar da nauyin zuwa gefe-gefe. Samfurinsa mai suna Eye2, wanda ya fito a 1982, ya bazu har sauran kamfanoni suka bi sawu.

Sirrin abin yana cikin wata ƙa'ida da ake koyarwa a darasin juyawar abubuwa. A dubi ɗan ga-ruwa ɗauke da garewani biyu a kan sanda. Idan garewanin suna can ƙarshen sandar, juyawa da sauri takan yi masa wuya. Idan ya jawo su kusa da kafaɗarsa, sai ya juya cikin sauƙi, alhali nauyin ruwan bai canja ba. Turjiyar abu ga juyawa ta dogara ne ga nauyinsa da kuma nisan nauyin daga cibiyar juyawa, kuma nisan ake ninkawa da kansa. Saboda haka in aka ninka nisan sau biyu, turjiyar takan ninku sau huɗu. Da Solheim ya kwashe ƙarfe daga tsakiya ya kai shi baki, nauyin kan sandar yana nan yadda yake, amma murɗewarsa ta ragu ƙwarai. Abin da ake nufi da yafiya ke nan: bugun da ya kauce ba ya rasa nisa da saiti kamar da.

Masu ƙira na yau sun ɗora a kan wannan. Suna cusa ƙarfen tungstin a ƙasan kan sandar da gefensa, domin kowane santimita guda mai fuska shida na tungstin yana da nauyin giram 19.3, na ƙarfen sitil kuwa kimanin 7.8. Ɗan gutsure kaɗan ya isa ya sauko da cibiyar nauyi ƙasa, wanda ke taimaka wa ƙwallo ta tashi sama. Suna kuma sirance fuskar sandar har takan ɗan lotsa ta dawo kamar fatar ganga, ta ƙara wa ƙwallo gudu.

Dalilin arha

Tsohuwar hanyar ƙira ita ce ta maƙeran baƙi: a gasa ƙarfe ya yi ja, a daka shi har ya ɗauki siffa, sannan a goge. Kai mai rami da lunguna yana da wuyar samuwa ta wannan hanya. A ƙarshen shekarun 1960 Solheim ya koma ga zubi. Ana yin siffar kan sandar da kaki, a lulluɓe ta da wani irin yumɓu mai jure wuta, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Wannan ita ce ainihin dabarar da maƙeran Ife da Benin suka yi amfani da ita wajen zubin tagulla ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Da zarar an yi mazubi guda, ana iya fitar da dubban kawuna iri ɗaya, kuɗin kowane ya sauko.

Wannan yana nuna cewa yafiya ba kayan tsada ba ce. Ta fito ne daga inda aka ajiye nauyi, kuma ƙa'idar ba ta tsufa. Sanda mai rami da aka ƙera shekara 15 da suka wuce, in dai kwarmin fuskarta bai cinye ba, tana ba mai koyo mafi yawan amfanin da sabuwa za ta ba shi. Mai ƙaramin ƙarfi da ya sayi kwance, ya sake mata robar mariƙi, ya kashe ragowar kuɗin wajen mai koyarwa, ya fi wanda ya zuba dukiyarsa a kan samfurin bana dabara.

Inda talla ke shigowa

Batun nisa shi ne wurin da ake buƙatar hattara. Fuskar kowace sanda a kishingiɗe take da wasu digirori, kuma gwargwadon miƙewarta tsaye, gwargwadon nisan da ƙwallo ke yi. Tsakanin lamba da lamba akwai kimanin digiri 4, wanda ke ba da tazarar kusan mita 10. A shekarun 1980, sanda mai lamba 7 tana da kishingiɗar digiri 35 ko fiye. A yau sandunan da ake tallatawa da sunan nisa suna da lamba 7 mai digiri 28 zuwa 30. Babu dokar da ta ƙayyade digirin da kowace lamba za ta ɗauka, don haka kamfani yana iya buga lamba 7 a kan abin da a da ake kira 5 ko 6. Mai saye ya gwada a shago, ya ga ƙwallo ta ƙara mita 15, ya yi murna, alhali wani kaso mai yawa na ƙarin daga sauya lamba ya zo. Tamkar mai awo ne ya ƙara wa mudu girma, ya ce hatsinsa ya fi auki.

Kamfanoni suna da hujjarsu, kuma ba a banza take ba. Sun ce tun da cibiyar nauyi ta sauko, ƙwallo tana tashi sama fiye da kima, dole a miƙar da fuskar don a daidaita. Wannan gaskiya ne ga mai ƙarfin bugu. Amma dattijo ko mai koyo da bugunsa ba shi da sauri, fuska mai miƙewa tana rage wa ƙwallonsa juyin baya da ke ɗaga ta a iska, sai ta tafi ƙasa-ƙasa, ta faɗi tana gangarawa ta wuce rami. Aikin sandar ƙarfe kuwa shi ne ta kai ƙwallo wani wuri sananne ta tsaya. Bugu da ƙari, da aka miƙar da dukan jerin, sai giɓi ya buɗe a ɓangaren gajeren zango, mai saye ya sake fitar da kuɗi don wata sandar da za ta cike shi.

Akwai kuma masu ganin cewa sanda mai yafiya tana ɓoye wa mai koyo kuskurensa, don haka gara ya fara da mai sumul ɗin baya irin ta ƙwararru. Amsar ita ce, kuskuren bai ɓace ba, hukuncinsa ne ya ragu, kuma wanda ya ga ƙwallonsa tana tashi shi ne zai dawo fili gobe. Hatta a cikin ƙwararru akwai da yawa da ke amfani da sanduna masu rami, musamman a ƙananan lambobi masu wuyar bugu.

Kammalawa

Mai neman sanda ya kamata ya tambayi digirin fuskarta kafin ya dubi lambar da aka buga a ƙasanta, ya kwatanta digiri da digiri, ya lura da bugunsa mafi muni fiye da mafi kyau. Malamin fiziks kuma ba ya buƙatar filin golf don koyar da wannan darasi. Sandar tsintsiya da duwatsu biyu masu nauyi ɗaya sun wadatar: a ɗaure su kusa da tsakiya ɗalibi ya murɗa, a mayar da su ƙarshe ya sake murɗawa, ya ji bambancin a hannunsa. Bayan haka sai a kawo wa ajin tallar wani kaya, a nemi su rarrabe abin da aka auna da abin da aka sauya wa suna kawai.