Farin Gida Na Mosko: Darasi Ga Masu Neman Gwarzo

Rashawa ma suna da ginin da suke kira Farin Gida, a gaɓar kogin Mosko. An fara gina shi a 1965, aka kammala a 1981, ya zama mazaunin majalisar dokokin Rasha a ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. A ganina, duk ɗalibin siyasa ya kamata ya san ranaku biyu a tarihin wannan gini.

Ta farko ita ce 19 ga Agusta, 1991. Masu ra'ayin riƙau sun tsare Mikhail Gorbachev a Kirimiya, suka cika titunan Mosko da sojoji. Boris Yeltsin ya hau kan tankar yaƙi a ƙofar Farin Gida, ya kira jama'a su bijire. Dubban mutane suka kewaye ginin, cikin kwana uku juyin mulkin ya watse. Duniya ta yi masa kirarin gwarzon dimokuraɗiyya.

Ta biyu ita ce 4 ga Oktoba, 1993. Majalisar da ta mara masa baya ta juya tana adawa da tsarinsa na tattalin arziki, shi kuwa ya rushe ta a ranar 21 ga Satumba, alhali tsarin mulki bai ba shi wannan iko ba. 'Yan majalisa, ƙarƙashin Ruslan Khasbulatov da mataimakin shugaban ƙasa Aleksandr Rutskoy, suka ƙi fita, magoya bayansu suka ɗauki makamai. Yeltsin ya sa tankoki suka yi wa ginin luguden wuta har benayen sama suka ƙone ƙurmus. Mutane fiye da 100 suka halaka a rikicin, gwamnatin Amurka kuwa ta goyi bayansa.

A watan Disamba aka amince da sabon tsarin mulki wanda ya tattara iko a hannun shugaban ƙasa. Shi Vladimir Putin ya gada. Aka gyara ginin, aka mayar da shi ofishin firaminista, majalisa ta koma wani wuri.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kare majalisa ba ya wuya idan tana tare da kai. Ni dai ba na yi wa shugaba shaidar dimokuraɗiyya sai na ga abin da ya yi ranar da majalisa ta ce masa a'a.